Bindigar Ummi da Kafaɗar Hagu

Rusaifa, Makka
Juma'a, bayan la'asar

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Ummina.

Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Riyad lafiya, kin shiga ɗakinki lafiya, ba abin da ya fashe a cikin akwatunan nan uku da mamanki ta cika kamar za ki buɗe kanti. A ƙarƙashin sallayarki zan cusa ta, don na san ita za ki fara nema. Da Hausa na rubuta, kuma da gangan. In na rubuta da Larabci za ki share ta da ido kamar saƙon waya, ki ce "ɗayyib, Baba", shi ke nan. Hausa kuwa sai kin zauna kina haɗa baƙi kina ɗan tsaki, kafin ki kai ƙarshe maganar ta shige ki. Shekara ukun da na yi a Kano wurin kawuna ina yaro ba su tafi a banza ba.

Ba zan yi miki wa'azin aikin asibiti ko na zama da mutane ba, mamanki ta yi wannan har da ƙari. Ni maganar bindiga zan yi. Kin san mamanki ba ta iya riƙe magana. Ranar Talata muna shan shayi ta faɗa mini cewa zuwan da kika yi Riyad wancan watan don takardun aiki, wata abokiyar aikinki ta kai ki nadi, wurin da mata ke koyon harbi da bindigar iska, wadda mu a nan muke ce wa saktun, kin harba, abin ya shiga ranki. Ta ce nan da wata guda za a gwada sababbi a ɗebi waɗanda za su shiga ƙungiyar nadin, kuma kina so ki sayi taki da ɗan abin da kika tara.

Ummi, sai da na ajiye kofin don kada in ƙona cinyata. Shekara talatin da wani abu ina wannan harka. Na ja yayyenki uku zuwa daji ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce rana ta yi yawa, wannan ya ce yana da ƙwallo, na ukun ya zauna a mota yana danna waya har muka gama. Na riga na sallama, na ce abin zai mutu tare da ni. Ashe magajiyata tana ɗakin da ban taɓa ƙwanƙwasawa ba. Tun ranar nake yawo a gida ina murmushi ni kaɗai, har mamanki ta ce in na ci gaba za ta kira mai ruƙiyya.

Sai dai ba nan ta tsaya ba. Ta ce mai koyar da ku ta dube ki da kyau ta ce da kafaɗar hagu ya kamata ki riƙa harbi, kin gwada kin ga bambancin da idonki, amma kika ce mata a'a, ke ta dama za ki saya, Babanki ba zai so ba. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro. In kika sayi wadda ba taki ba saboda ni, kuɗinki sun tafi, gwajin ya wuce ki, kuma ni ne sila. Zan zo kanta, ba gudu nake ba. Amma kin san ubanki, sai ya zagaya kafin ya iso, don haka bari in fara da wautata ta farko.

Ina da shekara ashirin da biyu, muna tsohon gidanmu na Hindawiyya, ina koyon gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a shagon wani ɗan Yaman. Wata Alhamis muka je haraj, kasuwar gwanjo, ni da Sa'idu, wannan dai Ammu Sa'idun da kika sani, lokacin yana da gashi. Tsohon firji muka je nema wa Hajiya, mahaifiyata. Sai ga wata bindiga a jingine a jikin wata mota, doguwa, baƙa, ƙotarta tana sheƙi. Mai sayarwa ya kalli idona ya san ya samu. Ya ce wannan in ta harbi gwangwanin madara sai dalmar, ɗan harsashin nan nata, ta fita ta baya ta ci gaba da tafiyarta, ya ce babu irinta biyu a Makka. Ban tambayi nauyinta ba, ban ɗora ta a kafaɗa ba, ban taɓa kunamarta ba. Ƙarfi kawai na ji, na zube masa kuɗin firji, muka naɗe ta a bargo muka tari tasi.

Irin mai karyawa ce, wadda ake lanƙwasa bakinta ƙasa a danne sifirin ɗin ciki, a sa dalma ɗaya, a mayar. Amma sifirinta sai ka ce na babbar mota. Sai na tokare ƙotar a cinya, na kama bakin da hannu biyu ina nishi kafin ta ɗanu. Harbi goma hannuna ya fara rawa. In ta tashi kuma sai ta zabura gaba da baya, haƙorana su haɗu. Na je na sayi darbil mai arha, madubin hangen nan da ake ɗora mata a sama, wai don in riƙa gani da kyau. Kwana tara ya yi gilashin ciki ya saki, in ka girgiza shi yana ƙara.

To ki ji. Takarda za ki huda daga nisan mita goma, ba katanga za ki rusa ba. Duk mai kantin da ya fara miki da zancen ƙarfi da gudun dalma, ki yi masa godiya ki shiga na gaba. Ki nemi mara nauyi, wadda za ki ɗana sau hamsin ba ki gaji ba. Ki ɗora ta a kafaɗa a gabansa, kada ki ji kunya, ki ƙirga ashirin a zuciyarki. In bakinta ya fara lilo ta fi ƙarfinki, ki ajiye masa kayansa. Dalma mai lamba huɗu da rabi ita ce ta harbin takarda, kuma ta fi arha. Biyar da rabi ki bar wa masu gonaki. Sai kunama. Wallahi da wani ya gaya mini wannan tun farko da na huta. Kunamar da sai kin ja ta da ƙarfi za ta janye bakin bindigar daga inda kika saita, komai kyan idonki. Ki nemi mai saki a tausashe. Amma kada ki saki kunamar mai sifirin babu dalma a ciki, yana lalata ta. Ki roƙi mai koyar da ku ta ba ki irinta ki gwada a nadi kafin ki biya. Darbil kuma ki manta da shi shekarar farko, ki koyi saiti da 'yan ƙarafunan da aka ƙero ta da su.

Wautar ba a haraj ta ƙare ba. Na kawo bindiga gida, ina zan harba? Sai na hau sutuh, saman gidanmu, bayan la'asar, na jera gwangwanaye uku a kan katanga. Ni haifaffen Makka ne, na san ba a farauta a cikin Harami, na san tattabarun garin nan ko korarsu ba a yi, tun muna yara ake ja mana kunne. Amma na ce ai gwangwani zan harba, ina ruwan gwangwani da Harami. Harbi na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. Na uku ma ya wuce, sai dai shi ya samu abin da ya tsayar da shi: wata tattabara tana zaune a kan tankin ruwan maƙwabcinmu, can bayan katangar, ban ma gan ta ba. Ta faɗo a tsakar gidan mutane. Hajiya, kakarki da kika ci sunanta, tana shanya a bayana. Salatinta kawai na ji.

Na ɗauka kakanki zai dake ni. Bai taɓa ni ba, da ma ya yi. Ya sa takalmi ya ce in biyo shi, muka tafi wurin limamin unguwa, ni a baya ina riƙe da tattabarar a leda, mutane suna leƙowa daga shaguna. Liman ya saurara har ƙarshe, ya ce ko da kuskure ne fansarta tunkiya ce, a yanka a raba wa talakawan Harami. A hanyar dawowa kakanki ya tsaya a bakin lungunmu ya juyo. Ya ce, "Ubana da ƙafa ya tako daga Kano, shekara bakwai a hanya, don ya zama maƙwabcin Ɗakin nan. Kai kuma ka tashi ka fara da kashe maƙwabta." Bai ƙara ba, bai kuma sake tayar da zancen ba har ya rasu. Tunkiyar ta fi bindigar tsada. Firjin Hajiya sai bayan aikin Hajji aka saya. Unguwa kuma ta raɗa mini Abu Hamama, uban tattabara, sunan da Sa'idu ke kirana da shi har a gaban surukaina.

Na san yanzu kina dariya, yi abarki, amma ki riƙe wannan. Kafin ki dubi abin da za ki harba, ki dubi abin da ke bayansa. Don ba ta ƙara kamar ta soja ba shi ya mai da ita abin wasa ba, tana fasa ido, tana iya kisa. Ko kin rantse babu dalma a ciki, bakinta ya kalli ƙasa ko ya kalli allon harbi, ba mutum ba, ko da raha. Yatsa ba ya zuwa kusa da kunama sai kin gama saiti. In kina sa dalma, hannu ɗaya ya riƙe bakin da kika karya, kada ya kuɓuce ya daki yatsunki. A nadi kawai za ki harba, ba a ɗaki ba, ba a baranda ba, ba a kan sutuh ba. Takardar tasrih, izinin mallaka, ki gama da ita kafin ki ba kowa kuɗi, nadin za su nuna miki hanya. Kantin da ya ce babu buƙata, shi ke nan, kin san irinsa. In za ki zo hutu kuma ki bar ta a kulle a can. Garin nan ba a shigo masa da makami don nishaɗi. Ni tawa tun daga ranar tattabara ba ta ƙara kwana a cikin haddin Harami ba.

Abin da muka koma yi ke nan, ni da Sa'idu da wasu abokai uku. Duk Juma'a bayan asuba sai mu ɗauki hanyar Lis, mu wuce alamun haddi, mu shiga wata istiraha, lambun nan mai katanga da nake cewa zan kai ki ban taɓa kai ki ba. Can muke ajiye bindigoginmu, can muke jera gwangwanaye a gaban tudun yashi, mu harba har rana ta fara cizo, mu ci ful da tamis, wake da gurasar nan, mu dawo mu yi wanka mu tafi masallaci. Ummi, ban san yadda zan kwatanta miki daɗin ba, amma ai kin ɗanɗana. Ka riƙe numfashi, duniya ta yi tsit, ka matsa yatsa a hankali, can sai ka ji ƙwal, gwangwani ya yi tsalle. Ina da jikoki biyar, amma har yau in na ji wannan ƙarar sai na waiga in ga ko kowa ya gani.

Na sayar da baƙar dodanniyar nan, na yi wauta ta gaba. Na sayi mai 'yar kwalbar gas, irin wadda ake cusa mata ƙaramin tulu. Ba ta zabura, ba ta gajiyarwa, na ce na gama neman bindiga. Wata rana a tsakiyar zafi na ɗauko ta zan kai wa wani ya duba a Jidda, na bar ta a but ɗin mota na shiga cin abinci. Da na fito na buɗe sai na ji tana huci, robobin ciki sun saki, gas ya tsiyaye. Ni da nake gyaran mukayyif, ni da na san abin da rana ke yi wa roba da gas! Ko da ba ta lalace ba, harbinta na safe daban na hantsi daban, ga sayen tulu ba ƙarewa. Riyad ba ta fi Makka tausayi ba wajen zafi, don haka ki bar wannan. Akwai kuma mai tankin iska da ake cikawa da famfo, ita ce sarauniyarsu, ita manyan 'yan gasa ke riƙewa. Za ki gan ta ranki ya biya, nima nawa yana biyawa. Amma farashin da aka liƙa mata rabin labari ne, akwai famfo, akwai gyara. Ki bari in kin shiga ƙungiya nadi ta ara miki. Ta farko dai ki ɗauki mai karyawa, mai matsakaicin ƙarfi, sabuwa daga kanti mai ba da takardar garanti. Abin da ya rage ki zuba shi a dalma, ki sayi iri uku ki gwada, don kowace bindiga da abincin da take so. Ki sayi tabarau na kariya. Tabon da ke girata ta dama, wanda na ce miki ƙofar shago ce, dalma ce ta daki dutse ta dawo.

Yanzu na gama zagaye.

Duk shekarun nan da nake ba ki labari, ban iya harbi ba. Ina son abin fiye da kowa a cikinmu, na fi kowa karanta shi, na fi kowa shafa wa bindiga mai, amma ni ne na ƙarshe kullum. In an jera goma in na kayar da uku ranar sai na saya wa kowa shayi. Na zargi bindiga, na zargi dalma, na zargi iska. Kullum wuyana a karkace kan ƙota, idona na hagu ya ƙi rufuwa shi kaɗai, in na matsa masa sai na dama ya fara hawaye.

Mai gadin istirahar wani dattijo ne, Malam Illiya, mutumin Tawa ta Nijar, ya yi farauta a ƙuruciyarsa. Ba ya magana sai an tambaye shi. Shekara goma sha uku da suka wuce, wata safiya na zubar da harbi bakwai a jere, sai ya ajiye butarsa ya zo. Ya ce in miƙa hannuwana gaba in haɗa su in bar 'yar kafa a tsakiya, in kalli kan wani dabino ta cikin kafar da ido biyu a buɗe, sannan in jawo hannuwan a hankali zuwa fuskata kada in saki dabinon. Na yi. Hannuwan suka zo suka tsaya a kan idona na hagu, ba ni na kai su ba. Ya kalle ni ya ce, "Alhaji, kai bahago na. An ɗamre ma hannu kana yaro, ko ba haka na ba?"

Haka ne. Kakanki ya ɗaure mini hagu da tsumma a ƙugu har na koyi riƙe alƙalami da dama. Na manta da shi, ko in ce na ajiye shi inda ba na dubawa. Malam Illiya ya karɓi bindigar ya mayar mini da ita kafaɗar hagu. Kuncin ƙotar an sassaƙa shi don na dama ne, yana tokare mini muƙamuƙi, amma da na kwantar da fuska sai na ga saitin ya zauna tar, karo na farko a rayuwata ba na kokawa da idona. Na harba biyar, biyar suka faɗi. Sa'idu ya kwanta a yashi yana dariya yana cewa ashe Abu Hamama bahago ne, ashe a banza tattabarar ta mutu. Ni kuwa murna ta cika ni. Duk hanyar dawowa ina shirya yadda zan ba ku labari.

Na shigo gida na tarar da ke a falo kina aikin makaranta, shekararki goma sha ɗaya. Kin damƙe fensir da dama har yatsunki sun yi fari, ga jan biron malama a gefen shafi tana ƙorafin rubutunki. Kika yi kuskure, hagunki ya ɗauki abin gogewa ya goge cikin sauri da tsabta, sai kika ji motsina, kika janye shi kika ɓoye a ƙarƙashin cinya. Ba ki ma ɗago kin dube ni ba, jikinki ne ya sani.

Ban san ko kina tunawa ba, kina da shekara biyar. Duk abin da aka miƙa miki da hagu kike kamawa. Na ce 'yata ba za ta tashi bahaguwa a yi mata dariya a gidan miji ba. Na ɗauki safata na zura miki a hannun hagu har gwiwar hannu, na ɗaure da zare, kullum bayan magariba in za ki koyi rubutu. Mamanki ta yi magana, na ce nima haka aka yi mini, ga ni ban mutu ba. Wata huɗu muka yi a haka. Wata rana kika ɗaga mini hannun damanki kina kuka kika ce, "Baba, wannan ba ya jin maganata." Na ce zai ji.

Ranar da na same ki a falo labarin gwangwani biyar ya mutu a bakina. Juma'ar da ta biyo na mayar da bindiga kafaɗar dama, na ce wa su Sa'idu wancan sa'a ce kawai. Malam Illiya ya dube ni, ya ɗauki butarsa ya wuce. Na ci gaba da zubar da dalma a yashi shekara goma sha uku. Ba dariyar Sa'idu na ji wa tsoro ba. In na yarda hagu ne nawa, to na yarda kakanki ya yi mini ba daidai ba, wannan kuwa zan iya haɗiyewa. Amma kuma na yarda ni na yi miki, da safata, da hannuna, bayan kin gaya mini gaskiya kina da shekara biyar. Wannan ne na kasa.

Ci da sha da gaisawa da miƙa wa mutum abu, da dama ne, wannan addini ne kuma kin riƙe shi, Allah Ya yi miki albarka. Amma alƙalami da almakashi da bindiga babu wanda ya hana. Na tambayi malami, ya ce babu laifi ko kaɗan, har yana mamakin tambayar. Ba addini na kare ba, bakin mutane na ji wa tsoro, na sa ke kika biya.

Ga labari mai daɗi, don ba na so ki jiƙa mini takarda. Masu tsadar ne ake sassaƙa wa kunci gefe ɗaya, su ne masu hannun ɗanawa a dama. Mai karyawa mara tsada, irin wadda na ce ki saya, yawancinsu ƙotarsu ɗaya ce ta kowane gefe, kuma bakin da ake karyawa bai san dama da hagu ba. Ki gaya wa mai kanti da bakinki, da ƙarfi yadda na bayanki zai ji, cewa da hagu kike harbi. Ki kwantar da kuncinki na hagu a kan ƙota ki ji ko ta karɓe ki. Ki duba makullin kunama ko babban yatsanki na hagu yana kai masa ba tare da kin saki riƙo ba. In ya ce ki saba da ta dama kowa ma haka yake yi, ki fita. Wata guda ya ishe ki in kina zuwa sau uku a mako, mai koyar da ku ta san aikinta, ki bi ta.

Yau da safe na je istiraha. Malam Illiya ya koma gida shekara huɗu ke nan, ban taɓa yi masa godiya ba. Na buɗe akwati na ɗauki bindigata, na ɗora ta a hagu a gaban kowa. Sa'idu ya buɗe baki, na ce ya rufe, ya kuwa rufe. Hannun ya tsufa, idon ma ba kamar da ba, bakwai na kayar cikin goma. Na zauna a kan yashi, su suna tsammanin murna ce ta sa nake share fuska.

Ummi, kin ce Babanki ba zai so ba. Babanki yana so, yana so ƙwarai, kuma ko da ba ya so ba hannunsa ba ne. Na ƙwace miki shi shekara goma sha tara, ba ni da yadda zan mayar miki da su. Gobe a filin jirgi na san ba zan iya faɗa ba, zan tsaya ina tambayarki ko kin ɗauki cajar waya. Shi ya sa na rubuta. Na zalunce ki, 'yata. Ki yafe mini, ba sai yau ba, ranar da zuciyarki ta ga dama.

Allah Ya sa ki shiga garin mutane da ƙafar alheri, Ya haɗa ki da masu tsoronSa, Ya sa albarka a aikinki da wasanki, Ya ba ki sa'a ranar gwaji. Na damƙa ki a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata. Allah Ya tsare mini ke ta gaba da ta baya, ta dama da ta hagu, Ya dawo mini da ke lafiya.

Wassalamu alaikum.

Babanki